Rariya Uku a Kan Inna

Shekarata arba'in da uku a duniya ranar da na fara jin sunana a bakin mahaifiyata, kuma maimakon a yi murna, sai gidanmu na Bungudu ya ɗauki salati.

Ni ne ɗan farin Inna. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni zuwa Tsafe, can na tashi, don haka idan ya zama dole Inna ta ambace ni sai ta ce "Na Tsafe". Ba ta kallona ido da ido, ba ta miƙo mini abu hannu da hannu. Idan na durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. Na yi aure, na haifi 'ya'ya biyar, na shekara ashirin ina koyarwa a firamare, amma idan tana so in ci abinci sai ta ce wa ƙanwata Saratu, "A ce ma Na Tsafe tuwo na hucewa," alhali ina zaune taku uku daga tabarmarta. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Haka ta taras ana yi, haka ta riƙe, sai dai ita ta riƙe shi da hannu biyu.

Ciwon ya fara mata da ciwon kai, sai tafiya ta canza, tana jan ƙafa kamar mai taka laka. Muka yi ta maganin hawan jini da na sanyi. Rannan na shigo da yamma na durƙusa, sai ta juyo ta dube ni tsaf ta ce, "Lawali, taho nan ka zamna kusa gare ni. Ka rame." Ƙwaryar da ke hannun Saratu ta faɗi. Washegari da sassafe muna asibiti a Gusau, domin duk gidan an yarda cewa abin ya wuce hawan jini.

Aka ɗauki hoton kanta aka ce ruwa ya taru a ƙwaƙwalwa, sai an yi aiki. Dangi suka zauna aka yanke shawarar Indiya, aka kai bijimai kasuwa. Saratu ce ya kamata ta raka ta, to tana da tsohon ciki, ni kuma ni ne mai Turanci a gidan. Ba zan tsaya ba da labarin fasfo da biza da jirgi ba, ya ishe ku ku sani cewa an haɗa mace da ɗan farinta su biyu rak an tura su bangon duniya.

A filin jirgin Delhi muka gamu da Alhaji Sambo, wanda aka ba mu lambarsa tun daga gida aka ce shi ne wakilin marasa lafiya. Gajere ne mai tumbi, da wata hula da ta ga duniya. Ya ce shi ɗan Tudun Wadar Gusau ne. Da na tambaye shi ta wane gefe, sai ya kwatanta mini da wata bishiyar tsamiya da aka sare tun ina sakandare. Karatu ya kawo shi ƙasar, karatun ya tafi ya bar shi, shi kuma ya zauna. Ya ce ya kama mana masauki wanda daga taga ana ganin asibiti, kuma bai yi ƙarya ba. Idan gari ya yi haske ka leƙa sosai za ka hango shi can, kamar yadda ake hango dutsen Kwatarkwashi daga titi. Ɗakin kuma a hawa na biyar yake, ba na'urar hawa.

Na duba matakala, na dubi Inna, na durƙusa na ce ta hau bayana. Da lafiyarta ƙalau, da ta gwammace ta kwana a bakin titi. Amma sai ta haye tana dariya, ta riƙe wuyana. A hawa na uku, ina haki, ta sa baki kusa da kunnena ta ce, "Lawali, ashe ƙarfi gare ka. Ni ban taɓa goya ka gaban mutane ba, ga shi kai ka goya ni gaban Indiyawa." Na ce mata ta riƙe da kyau, na ci gaba da hawa.

Kullum a keke mai ƙafa uku muke zuwa asibiti, tafiyar kusan awa ɗaya, kuma kullum sai Inna ta yi faɗa a kan shanu. Ga su nan kwance a tsakiyar titi, motoci na kewaye su. Ta leƙa kai ta ce, "Shanun wa na waɗanga? Ba su da makiyayi?" Na ce mata nan ba a yanka su, girmama su ake yi. Ta ce girman me, ga kaska har kunne, wanda ke girmama saniya ai cire mata kaska yake yi. Sau biyu ina riƙo zanenta don kada ta sauka ta duba wata jar saniya da ta ce tana da ciki.

Abinci kuwa ya ba mu kashi. Shinkafa da romon wake, gobe romon wake da shinkafa, yaji kamar an yi faɗa da mai girkin. Allah ya sa Saratu ta cusa mana kuka da daddawa a jaka. Ranar da na fara kaɗa miya a ɗan risho, ba a yi minti goma ba matar mai gidan ta buga ƙofa, ta toshe hanci da gefen mayafi, tana tambaya ko wani abu ya mutu a ɗakin. Na nuna mata daddawa. Ta sansana ta ja da baya har ta bugi bango. Inna ta ce a zuba mata ta ɗanɗana. Ba ta ɗanɗana ba, amma daga ranar kullum da hantsi sai ta hawo hawa biyar ɗin nan da gurasa mai zafi a faranti, ta ajiye wa Inna, ta taɓa mata ƙafa, ta fita tana riƙe da numfashi.

Babban likitan da zai yi aikin dattijo ne mai farin gemu da ƙaton rawani, irin mutanen can da ba sa aske gashi. Inna na ganinsa ta gyara lulluɓi ta ce, "Allah shi gafarta Malam." Na raɗa mata cewa likita ne, ba malami ba. Ta ce ita ta san malami in ta gan shi, in tambaye shi ko yana ba da rubutu. Har muka baro ƙasar Malam take kiransa, shi kuma da aka fassara masa ya ce ya karɓi sarautar.

Shi ya zaunar da ni ya zana mini abin a takarda. Ya ce a cikin ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai ɗakuna huɗu, kuma kullum ana yin wani ruwa garai-garai a cikinsu, yana gangarowa daga wannan ɗaki zuwa wancan. Ɗaki na huɗu yana can ƙasa wajen ƙeya, kuma yana da 'yan ƙofofi uku, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe da gefe. Ta nan ruwan ke fita ya zagaye ƙwaƙwalwa da lakar baya, jiki ya shanye shi. Ya faɗi sunayen ƙofofin, na waɗansu Turawa ne biyu, ban riƙe ba. Ya ce sanƙarau ɗin da Inna ta yi shekarun baya ya bar wata 'yar yana da ta rufe duka ukun, ruwa na shigowa ba ya fita, ɗakunan suka kumbura suna danne ƙwaƙwalwa.

Nan take na gane, domin gidanmu na Bungudu rariya uku gare shi a jikin katanga, kuma na san abin da ke faruwa da damina idan ganye da leda suka toshe su. Na fassara wa Inna haka. Ta ce, "Na sha hwaɗi a riƙa zure rariya, ba mai ji na." Likita ya ce waɗannan ba sa zuruwa, wurin ya yi haɗari. Zai shiga da wani siririn abu mai fitila ya huda sabuwar ƙofa a ƙasan ɗaki na uku. Idan ta yi aiki, shi ke nan. Idan ba ta yi ba, sai a koma a sa roba daga kai, ta bi ƙarƙashin fata har ciki, ta zauna da ita iya rayuwa. Robar kan toshe, kuma ranar da ta toshe ana bukatar mai gyara a kusa. Na tuna nisan Bungudu da irin wannan mai gyara.

Duk wannan bayani ana yinsa ne Inna na riƙe da hannuna, tana wasa da yatsuna, tana cewa Lawali kaza, Lawali kaza. Likita ya yi murmushi ya tambaye ni, "Haka take da kai kullum?"

A nan na yi kuskuren da ya kusa jawo mana bala'i. Ya kamata in ce masa a'a, wannan da kake gani shi ne ciwon. Amma ta ina zan fara gaya wa baƙo cewa uwata ba ta taɓa riƙe hannuna ba? Kuma gaskiyar da ta fi wannan ita ce, daɗi nake ji, ba na so a kira abin ciwo. Na yi tari sau biyu na ce, "Haka take." Ya rubuta a fayil.

Kwana tara muka yi muna jiran ranar aiki, ana gwaje-gwaje. Ban taɓa yin kwanaki masu daɗi da ban tsoro irinsu ba. Rabin maganarta ba kai ba gindi, tana aiken mutanen da suka rasu tun tuni, tana tambaya ko an ɗaure awaki. Amma tana cikin haka sai ta ce, "Lawali." In ce, "Na'am, Inna." Ta ce, "Ba komi. Daɗin hwaɗi garai." Sai in tashi in shiga wanke kwanon da na riga na wanke.

Aka yi aiki ranar Asabar da safe. Likita ya fito ya ce ƙofa ta hudu, ya ga ruwa na wucewa da idonsa. Ranar farko barci ta yi ta yi. Rana ta biyu da hantsi na shiga ɗakin na same ta zaune, an naɗe mata kai da bandeji, idonta tar. Na zauna a bakin gado na kama hannunta kamar yadda na saba a 'yan kwanakin nan. Ta zare hannun a hankali, ta jawo mayafi, ta juya ta fuskanci bango. Ta ce wa bangon, "Ina Saratu? Wa ya baro ni nan da Na Tsafe?"

Na fita baranda na yi sujada, na tashi na share hawaye, kuma har yau ban san na wanne ne ya fi yawa ba, na godiya ko na rashi. Na buga wa Saratu waya na ce Inna ta juya mini baya. Ta rangaɗa guɗa har sai da na janye wayar daga kunne. Kafin azahar duk Bungudu an ji cewa Inna ta warke.

A asibiti kuwa labari ya sha bamban. Akwai wani ƙaramin likita mai tabarau da ke zagayowa kowace safiya da tambayoyi uku, Alhaji Sambo na fassarawa. Yaya sunanki? Ta faɗa. Ina muke? Ta ce garin da shanu ba su da makiyayi. Sai ya nuna ni da biro ya ce, wane ne wannan, yaya sunansa? Inna ta dubi bango. Ya sake tambaya, ta gyara mayafi. Ya yi rubutu mai tsawo.

Washegari ya zo da dabara. Ya ce to, a bar ɗan, ta faɗi sunan mijinta. Na dafe kai. Matar da ta shekara arba'in da biyar da Baba har ya koma ga Allah ba ta taɓa kiransa komai ba sai "Malam", yau wani yaro mai tabarau zai sa ta faɗi sunansa. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce wa Alhaji Sambo, "Wanga yaro ba shi da uwaye?" Ban san abin da Alhaji ya fassara ba, na dai ga an ƙara rubutu. Yanzu a fayil ta manta ɗanta, ta manta mijinta.

Aka sake ɗaukar hoto. Ɗakunan nan huɗu suna nan da faɗinsu. Ƙaramin likita ya ce wannan ba ya raba gardama, domin ko aiki ya yi kyau sukan daɗe ba su koma ba, don haka mara lafiya ake dubawa, ba hoto ba. Ya ce, "Kafin aiki ta san ka, tana kiran sunanka, tana riƙe hannunka. Yanzu ba ta san ka ba. Sabuwar ƙofar ba ta wadatar ba. Ranar Alhamis za a sa roba."

Na tattaro duk Turancin da na shekara ashirin ina koya wa 'yan aji huɗu, na ce masa a garinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kunya ce, girmamawa ce, wannan juya bayan shi ne lafiyarta. Ya buɗe fayil ya nuna mini da yatsa inda babban likita ya rubuta amsata. Ya ce, "Kai da bakinka ka ce haka take kullum." Ya dafa kafaɗata ya ce ya gane, kowa na tsoron aiki na biyu, iyalai kan faɗi abubuwa iri-iri. Na juya ga Alhaji Sambo na ce ya gaya masa gaskiya ne. Alhaji ya sosa ƙeya ya ce da Turanci wai shi dai ya daɗe da barin gida, ba zai iya rantsuwa ba, kuma likita ya fi mu sani. Daga baya na ji cewa kowane aiki da aka yi wa wanda ya kawo, yana da ladarsa a ciki.

Da suka fita na durƙusa a gaban gado. Na ce, "Inna, don girman Allah ki faɗa sau ɗaya. Sau ɗaya tak, a gaban likita. In ba haka ba jibi za su sake buɗe miki kai su sa roba."

Ta ce wa bango, "A ce ma mai magana, in kai na za su sake tsagawa, su tsaga. Ban yi rashin kunya gida ba, ba ni yin ta garin mutane."

Na rasa inda zan sa kaina. In ce mata ai kin riga kin faɗa sau ɗari, har a kan matakala? Na san idan ta ji haka, ciwon da zai kama ta ya fi na ruwa. Na fita na zauna a matakalar asibiti da tsakar rana, ga zafi, ga yunwa, ina jin haushin Inna, da na likita, da na Alhaji Sambo, amma wanda na fi jin haushi shi ne mai tari biyu.

A nan wata tsohuwar nas ta same ni, baƙa siririya, wadda ke canza wa Inna ƙarin ruwa. Ta miƙo mini shayi a ɗan kofi ta zauna a gefena ta ce me ya faru. Na sake kwashe labarin, ban ma sa ran za ta gane ba. Ina kaiwa wajen sunan miji sai ta fashe da dariya har tana buga gwiwa. Ta ce kakarta ta mutu tana da shekara kusan casa'in ba ta taɓa furta sunan kakansu ba. Ranar da masu ƙidaya suka zo ƙauyensu suka tambaye ta, sai da aka kira maƙwabciya ta faɗa. Ta ce na ɗan fari ne ba ta taɓa ji ba, amma wanda ya san wancan ai ba zai yi mamakin wannan ba. Ta karɓi kofinta ta ce in jira.

Ranar Laraba da safe babban likita ya zo da kansa. Ya ja ni gefe ya ce nas ta gaya masa, kuma shi ma tasa uwar "kana ji" take kiran mahaifinsa har ta rasu. Sannan ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Amma ka yi mini ƙarya." Na ce na yi. Ya ce ba zai soke aiki a kan labari ba, sai ya ji daga bakinta cewa ta san ni. Ya sa aka ja labulen da ke raba gadaje, ya ce in yi sallama kamar zan tafi kasuwa, in zagayo in tsaya a baya. Ya ce wa Alhaji Sambo ya fassara kalma da kalma, kuma ya tuna mai Hausa da Turanci na bayan labule yana ji. Alhaji ya ce ai shi dama bai taɓa ƙari ba.

Na tsaya a bayan labule na kasa kunne. Likita ya gaishe ta, ta ce, "Allah shi gafarta Malam." Ya ce ba suna yake so ba. Mutumin nan da ke kwana a kujera kusa da ita, me ta sani game da shi?

Na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Sai na ji ta gyara murya.

"Ranar Laraba anka haihe shi, ana yankan gero, ɗakin uwata. Shina da tabo ga dugadugin hagu, lauje yat taka shina shekara bakwai, can Tsafe. Da labari yaz zo, nic ce zan kai ma uwata daddawa. Nit tahi, nit tsaya bayan zana ina kallo ana wanke mai ciwon, har anka gama, nid dawo. Bai gane ni ba."

Ban taɓa sanin ta zo ba. Abin da na sani shi ne na yi ta kuka ranar ina kiran Inna, kakata tana cewa Inna na Bungudu.

Ta ci gaba. "Ba shi cin miyar guro, tun shina ƙarami. In yaz zo gida kuka nika sa a kaɗa." Shekara da shekaru ina zaton duk duniya miyar kuka kaɗai Inna ta iya, har ina yi wa matata tsegumi, ashe kuɓewar ake ɓoyewa idan an ji sallamata. "In ranshi ya ɓaci ba shi magana, wanke-wanke shika yi awa mace. In zai yi ƙarya kuwa, sai ya yi tari biyu."

Na ji likita ya yi wata 'yar dariya a cikin gemu da aka fassara masa wannan. Ya ce to, sunan fa, ko za ta taimaka masa da harafin farko?

"Malam, kai da iliminka. In suna kaka so, ka diba fasfo." Ta ɗan ɗaga murya. "Kuma a ce ma wanda ab bayan labulen ga ya bar jan hanci, ga ƙafafunai nan ina gani. Ya tahi ya ci abinci, tun jiya da rana bai sa komi bakinai ba."

Likita ya yaye labule ya same ni tsaye, fuska jage-jage. Ya sa na cire takalmin hagu, ya durƙusa da rawaninsa ya duba dugadugina. Ya kira ƙaramin likita ya nuna masa tabon, kamar wani sabon ciwo da aka gano. Sannan ya sa Inna ta taka daga gado zuwa ƙofa ta dawo, ta taka tsaf ba jan ƙafa, ta kewaye ni kamar turmi ne a hanya. Ya karɓi fayil ya ja layi a kan aikin Alhamis. Alhaji Sambo ya ce wallahi dama shi jikinsa ya ba shi al'ada ce.

Bayan mako biyu aka sallame mu. Hawa biyar ɗin nan da ƙafarta ta hau ta sauka, ina biye a baya taku uku, ba ta ko dafa ni ba. Matar mai gida ta rako mu har bakin titi, Inna ta ba ta sauran daddawa, ta karɓa da hannu biyu ta riƙe nesa da jikinta. A jirgi kujerunmu na jere, awa da awanni Inna na kallon taga, ko da babu komai a waje sai gajimare.

Mun kwana uku da dawowa, 'yan barka sun ragu, na shiga gaishe ta da yamma. Tana zaune a tabarma, Saratu na gefe da jaririnta. Na durƙusa, ta amsa wa bango. Har na yunƙura zan tashi sai ta ce wa Saratu, "An ce da ciwon ga ya taso man na yi ta surutu. A tambayi Na Tsafe, shi da ad can, ko na hwaɗi wani abin da bai kamata ba."

Saratu ta dube ni, na dubi ƙasa. Na tuna matakala, na tuna "daɗin hwaɗi garai". Na yi iya ƙoƙarina in danne, amma abin ya fi ƙarfina. Na yi tari sau biyu na ce, "Ba ki ce komai ba, Inna."

Ta daɗe tana kallon bangon nan. Na ga gefen mayafinta ya ɗan motsa, ta kai hannu ta gyara shi.

Ta ce, "Saratu, a ba Na Tsafe ruwa. Tari na damu nai."